Faɗakarwa Ga Masu Tsohuwar A-kori-kura A Kan Sha'anin Birki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam abin hawa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Watakila wani ya ce, mene ne ya haɗa malamin allo da zancen ƙarafa? To, ku saurara ku ji dalili. Wata shekara da kaka, bayan an gama girbi, na tafi ƙauye kwaso geron da manoma suka taimaka wa makarantarmu da shi. Wani maƙwabcina ɗan kasuwa ya ara mini tsohuwar a-kori-kurarsa tare da direba. Muka yi lodi, gardawa shida suka hau bisa buhuna, ni kuwa na zauna gaba. Muna gangara wani kwari sai ga garken shanu yana tsallaka hanya. Direba ya taka birki, sai na ga ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar wanda ya taka auduga, mota ko gezau. Ya ɗaga ya sake takawa, sau uku ko huɗu, kana ya sauke giya, ya riƙa jan birkin hannu sannu sannu. Allah ya kiyaye, muka tsaya tsakaninmu da yaron da ke kiwon bai fi taku biyar ba.

Da hankali ya komo na ce masa, "Yaro, tun yaushe ka san birkin nan ba shi da lafiya?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ya kai wata biyu kowace ranar kasuwa sai na ƙara mai. Na ɗauka shanyewa yake yi."

Wannan magana ita ta hana ni barci. 'Ya'yan mutane amana ne a hannuna, ga shi na ɗora su a kan abin da ban san halinsa ba. Saboda haka na yi kwanaki ina zuwa garejin wani dattijon bakanike, ina zaune a kan benci ina ɗaukar karatu kamar kotso, na kuma bincika a littattafan masana wannan fanni. Abin da na fahimta shi ne zan shimfiɗa muku fasali fasali.

Fasali na farko: yadda birkin mai yake aiki

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya halicci ruwa da wata ɗabi'a, watau ba ya matsuwa. Ka cika salka da ruwa ka ɗaure bakinta, in ka danna nan sai can ya kumbura, domin ruwan ya kai ƙarfin hannunka ko'ina cikin salkar. Iska kuwa ba haka take ba. Ka toshe bakin zugazugin maƙeri ka danna, sai ka ji ya lotsa, iskar ta dunƙule ta shanye ƙarfinka. Duk sirrin birki yana cikin wannan bambanci.

Magabata sun daɗe suna nazarin ƙarfin ruwa. 'Ya'yan Musa ɗan Shakir su uku sun wallafa littafin dabaru a Bagadaza a ƙarni na 9 na Miladiyya, Aljazari kuma ya gama nasa a 1206, a ciki akwai bayanin famfunan ɗaga ruwa. Daga baya wani Bafaranse mai suna Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya tabbatar da ƙa'idar cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa kowane sashe daidai wa daida. Wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, shi ya yi fice wajen sanya wannan ƙa'ida a birkin mota, kuma a 1921 motar Duesenberg ta fito kasuwa da irin wannan birki a ƙafafunta huɗu.

Ga yadda abin yake. A gaban direba, ƙarƙashin bonet, akwai wata 'yar tukunyar mai, ƙarƙashinta kuma akwai famfo wanda makanikai ke kira masta. In ka taka fedar birki, sai ta tura fistin da ke cikin masta, shi kuma ya matsa mai. Man ya bi siraran bututun ƙarfe da tiyon roba ya isa ƙananan silinda da ke kowace ƙafa, su kuma su manna fatar birki a jikin ƙarfen da ke juyawa tare da taya. A ƙafafun baya, galibi ƙarfen kamar kwano yake, fatar tana buɗewa daga ciki. A ƙafafun gaba na motoci da yawa kuwa faifai ne, ana matse shi daga gefe biyu.

Mu ƙaddara ka taka da ƙarfin kilo 20. In fedar tana ninka ƙarfi sau 4, kilo 80 ke nan ya isa masta. In fuskar fistin da ke ƙafa ta ninka ta masta sau 3, to kilo 240 ya sauka a kan fatar birki. Da haka ƙafar mutum guda take tsai da buhu ashirin. Amma sharaɗi biyu ne: kada mai ya sami mafita, kada iska ta sami mashiga. Kusan kowane ciwon birki yana komawa ga karyewar ɗayan biyun nan.

Tsofaffin motoci na farko hanyar mai guda ce gare su, in ta huje wuri ɗaya birkin ƙafa huɗu ya tafi gaba ɗaya. Tun wajen 1967 Amurka ta wajabta a raba hanyar biyu, domin in ɗaya ta mutu ɗaya ta rage, sauran ƙasashe ma suka bi wannan tafarki. A ƙasar nan an fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma a-kori-kura samfurin 404 da 504 sun yi wa fatake hidima mai yawa, wasu har yau suna jigilar hatsi. Wajibi ne mai tsohuwar mota, ko wace iri ce, ya tambayi bakanike ko tasa mai hanya ɗaya ce ko biyu.

Fasali na biyu: alamomi da fassararsu

Dattijon nan ya ce mini, "Allah ya gafarta Malam, birki ba ya mutuwar fuju'a sai nadiran. Yana jinya, yana kuka, masu shi ne ba sa ji." Ga alamomin da ya lissafa.

Ta ɗaya: feda ta yi laushi kamar soso, in an taka sau biyu ko uku sai ta ɗan yi tauri. Wannan iska ce ta shiga. Tana shiga in mai ya yi ƙasa a tukunya, ko an kwance wani bututu ba a fitar da ita ba, ko wata roba ta gaji. Magani shi ne a fara neman ƙofar da ta shigo a toshe, sa'an nan a fitar da ita.

Ta biyu: feda tana tafiya nesa kafin ta kama, amma in ta kama da tauri take. Wannan galibi ba iska ba ce. Fatar baya ce ta cinye, ta yi nisa da kwano, sai fistin ya yi doguwar tafiya kafin ya kai ta. A daidaita ta, in ta ƙare a sake. Wani gwaji mai sauƙi: a ja birkin hannu kaɗan a sake takawa, in fedar ta hau sama, to ciwon yana ƙafafun baya.

Ta uku: ka taka ka riƙe, sai feda ta riƙa nutsewa a hankali, mai kuma yana raguwa a tukunya. Wannan yoyo ne. Man birki ba fetur ba ne da inji ke ƙonewa, kuma ba ya tafiya ko'ina. Gaskiya ne yakan ɗan sauka kaɗan cikin watanni yayin da fatar gaba ke cinyewa, amma wanda ke ƙara mai kowane mako ya tabbata akwai huji. A duba bayan kowace taya ko akwai danshi, a bi bututu inda tsatsa ta ci, a lanƙwasa tiyo a ga ko ya tsattsage. Wannan shi ne ciwon motar da ta ɗauko mu: robar silindar ƙafar baya ce ta lalace, mai ya jiƙa fata, ya tsiyaye har iska ta shiga masta.

Ta huɗu: feda tana nutsewa a hankali, amma mai bai ragu ba, ba a kuma ga danshi ko'ina ba. To, ɓarawon na cikin gida ne. Robar da ke cikin masta ta saki, mai yana zagaye ta yana komawa baya maimakon ya tafi ƙafafu. Babu magani sai sabunta robobin, in kuma cikin mastan ya yi zane ko tsatsa sai a sake shi ɗungurungum. Wani lokaci kuma mai na raguwa ba a ganin inda yake zuba. A nan sai a duba bayan masta, domin yakan tsiyaya cikin baƙin tulun nan da yake manne da shi.

Ta biyar: feda ta yi tauri kamar dutse, ka taka da iyakar ƙarfinka mota ba ta tsaya da wuri ba. A yawancin motoci wannan tulu da na ambata shi ke taimakon ƙafar direba, da zuƙar iskar da yake samu daga inji. Gwajinsa: a kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida, a riƙe, sa'an nan a ta da inji. In tulun na da lafiya za ka ji fedar ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka. In ba ta motsa ba, a duba tiyon da ya haɗa shi da inji, sau da yawa shi ne ya tsage. Fatar da ta ƙone ta yi santsi, ko fistin da tsatsa ta kama, su ma suna kawo haka.

Ta shida: in an taka birki mota ta fizga gefe guda. Ma'ana ƙafa ɗaya ta kama, 'yar'uwarta ba ta kama ba. Motar tana karkata ne wajen ƙafar da ke aiki, don haka sau da yawa ciwon yana ɗaya gefen. Ko mai ya jiƙa fatarsa, ko fistin ya maƙale, ko tiyo ya toshe. Fatar da ta sha mai ba ta wankuwa, sai sabuwa, kuma a sake ta dama da ta hagu tare.

Ta bakwai: an saki birki amma ya ƙi saki, ƙafa ta yi zafi har da ƙauri. In ƙafa ɗaya ce, a zargi tiyo, domin tsohon tiyo yakan ruɓe daga ciki ya bar mai ya tafi ya hana shi komowa, alhali daga waje lafiya lau ake ganinsa. In dukan ƙafafu ne, a duba masta: akwai wata 'yar ƙofa kamar kafar allura wadda mai ke komawa tukunya ta cikinta, datti ko kumburarriyar roba kan toshe ta, haka nan in an ɗaure feda ba a bar mata ɗan wasa ba.

Ta takwas: birki lafiya lau a fili, amma a doguwar gangara sai ya ɓace, in ya huce ya komo. Wannan tana bukatar fasali nata.

Fasali na uku: halin man birki

Birki yana tsai da mota ne ta hanyar mai da gudu zafi. In kaya ya ninka, zafin ya ninka. In gudu ya ninka, zafin da nisan tsayawa sukan ninka sau huɗu. Man birki kuwa yana da ɗabi'ar gishiri da damina, yana jan laima daga iska. A jikin gwangwani za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Ƙa'ida ita ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, sabon DOT 4 kuma 230. Amma in ya sha ruwa wajen kashi 4 cikin 100, ma'aunin kan sauka zuwa 140 da 155. In mai ya tafasa sai tururi ya tashi cikin bututu, tururi kuwa ɗan'uwan iska ne, yana matsuwa, sai feda ta tafi ƙasa. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a zubar da shi a sa sabo duk shekara 2. Sabo garau yake kamar man gyaɗa mai kyau, in ya koma baƙi kamar tawada ya gama aiki.

Duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san abin da nake nufi. Direba mai hankali yakan sauke giya tun daga sama, ya bar inji ya riƙe mota, ya riƙa taɓa birki yana saki. Wanda ya kashe inji ko ya cire giya don tsimin fetur, ya sayi mutuwa da kuɗin kwalba guda, domin in inji ya mutu taimakon tulun nan ma ya ƙare bayan taku kaɗan.

Abu huɗu a kiyaye. Kada a zuba baƙin mai ko man giya ko kananzir, domin suna kumbura roba su lalata ta duka. Kada a zuba ruwan sabulu kamar yadda wasu ke yi a hanya, yana tafasa da wuri, yana kuma kawo tsatsa. Kada a gauraya DOT 5 da sauran, asalinsa daban ne. Kada a sayi man da aka ɗura a buɗaɗɗiyar kwalba, a nemi gwangwani mai hatimi. Araha ba ta ado. Kuma guba ne, yana cin fenti, a nisanta shi daga yara.

Fasali na huɗu: fitar da iska

Aikin mutum biyu ne. A cika tukunya. A kowace ƙafa akwai ɗan noti mai huji, a sa masa siririn tiyo, a tsoma ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan man birki. Na ciki ya taka sau uku ko huɗu ya riƙe, na waje ya sassauta noti, mai da kumfa su fita, ya ɗaure, sa'an nan na ciki ya ɗaga ƙafa. In ya ɗaga kafin a ɗaure, iskar ta koma. A maimaita har mai ya fito babu kumfa. Bisa al'ada akan fara da ƙafar da ta fi nisa da masta. Tun da Nijeriya ta koma bin hannun dama a 1972, sitiyari a hagu yake, sai a fara da baya ta dama, sai baya ta hagu, sai gaba ta dama, a ƙare da gaba ta hagu, sai fa in littafin motar ya faɗi wani tsari.

Kada a bar tukunya ta bushe ana cikin aiki, in ta bushe an koma farko. Kada a mai da man da ya fito. A tsohon masta kada a danna feda har ƙasa, domin can ƙarshe akwai tsatsa da za ta yanke roba, a sa ɗan katako ƙarƙashin feda. Wasu a-kori-kura suna da wata na'ura kusa da gatarin baya mai auna nauyin kaya, in an ɗaga mota ƙafafun baya suna reto takan rage mai, iska ta ƙi fita. Kada a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita. Kuma kada a hura ƙurar kwanon birki da baki, tsofaffin fatu na ɗauke da asbesto mai cutar huhu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Akwai wata mummunar dabara: in bututun ƙafa ɗaya ya huje sai a daddake shi da guduma a toshe, a ci gaba da tafiya da birkin ƙafa uku. Ranar da aka taka da ƙarfi, motar za ta juya da kayanta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Fasali na biyar: hukuncin shari'a

Yanzu na komo fagena. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin jini da haddodi, an ɗora lamuni a kan mai kora dabba da mai janta da mahayinta game da abin da ta taka. Malaman zamani sun yi ƙiyasin mota a kan haka, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Kisan kuskure yana da diyya da kaffara, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta bayyana, kaffarar a yau kuwa azumin wata biyu ne a jere. To, ina ga wanda ya san birkinsa na yoyo, ya ɗebi mutane ya hau hanya? Ina kuma ga maigidan da direba ya kawo masa kuka ya ce a lallaɓa sai bayan kasuwa? Zunubin sakaci yana wuyansa.

Kada wani ya fake da ƙaddara. Sananne ne an umurci mai taguwa ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara ga Allah. Mu malamai muna ba matafiya addu'a, hakan kuwa alheri ne, amma addu'a ba ta sauke wajibin gyara. Haka nan wanda zai sayar da mota ya ɓoye aibin birkinta ya yi algushu, mai saye kuma yana da zaɓin mayarwa. Bakanike da ya sa tsohuwar roba ya karɓi kuɗin sabuwa ya ci haram, ya kuma yi wasa da rayuka. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ba za ta iya leƙa ƙarƙashin kowace mota ba, amma Allah yana gani.

Nasihata ta ƙarshe ita ce, kowace safiya kafin lodi a buɗe bonet a dubi mai, a dubi ƙasa inda mota ta kwana, a taka birki a riƙe gwargwadon karanta Fatiha sau biyu a ga ko zai nutse, a gwada birkin hannu, sa'an nan a gwada tsayawa a hankali kafin a hau babbar hanya. Duka bai kai lokacin alwala ba. Maƙwabcina ya gyara motarsa da kuɗin da bai kai na buhun gero biyu ba, ni kuwa tun ran nan ban sake ɗora almajiri a mota ba sai na ga an yi wannan gwaji da idona. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wanda ya karanta ya karanta wa direbansa da yaran motarsa. Allah ya tsare mu a tafiya da zama, ya mai da kowane matafiyi ga iyalinsa lafiya, amin. Allah shi ne Mafi sani. Haza wassalamu.